Kwanan Mota a Hunturu: Yadda Ake Ɗumama Shimfiɗa da Robar Ruwan Zafi

Duk wanda ya taɓa kwana cikin mota a ƙasar Filato tsakanin Disamba da Janairu ya san sanyin mota daban yake da na ɗaki. Ɗaki, musamman ginin ƙasa, yana shan rana wuni guda, ya riƙe ɗumin har tsakar dare. Mota kuwa ƙarfe ce da gilashi. Da an kashe inji ta fara hucewa, kafin asuba cikinta da waje kusan ɗaya suke. Na yi shekaru ina sarin dankalin Turawa daga Bokkos zuwa Kano, kuma duk ranar da lodi bai kammala da wuri ba a mota muke kwana, ni da direba da yaronsa, tunda ba mai son kama hanya da daddare a halin da ake ciki. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, akwai dararen da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Masu hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu da Nguroje sun san wanda ya fi wannan, haka masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku, inda Sahara ke ƙona mutum da rana ta daskarar da shi da dare. A Bilma an taɓa auna sanyin da ya sauka ƙasa da sifili.

Abin da na koya a waɗannan shekarun shi ne, ba a ɗumama mota. Shimfiɗa ake ɗumamawa. Wanda ya ce sai ya ɗumama motar gaba ɗaya, ƙarshenta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu zai bi: ko ya bar inji a kunne, ko ya shigo da wuta. Dukansu biyun suna kashe mutane.

Wani dare cikin muku-mukun sanyi, yaron motarmu, matashi ne da bai wuce shekara 18 ba, ya roƙi garwashi wajen mai shayi ya zuba a ɗan kasko, ya shigo da shi kan mota bayan mun yi barci. Ba hayaƙi, domin gawayin ya riga ya ruru ya yi ja. Ya ɗage gilasai duka. Allah ya sa direban mai saurin farkawa ne. Ya tashi kansa na sarawa, zuciyarsa na tashi, ya kira yaron sau uku bai amsa ba. Ya buɗe ƙofa da ƙyar ya tashe ni yana cewa, "Alhaji, taimaka min, yaron nan ba ya motsi!" Muka jawo shi waje muka shimfiɗe a ƙasa, ni kaina ƙafafuna ba sa ɗaukata sosai. Ya jima kafin ya buɗe ido, daga nan muka nemi mai babur aka kai shi asibiti. Ya rayu. Amma har yau ina tuna nauyin jikinsa a hannuna.

Iskar da ta kusa halaka mu ita ce kabon monoksaid, wadda ke kashe iyalai a ɗakin da aka kunna janareta. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita ke kamawa sau 200 da ɗoriya, sai jinin ya kasa kai numfashi ga ƙwaƙwalwa. Mai barci ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Gawayi yana fitar da ita ko da babu hayaƙi, risho da tukunyar gas ma haka idan wurin a rufe yake, kuma inji yana fitar da ita ta salansa. Tsofaffin motocinmu da salansarsu ta hudo, ƙasansu ya ci tsatsa, suna zuƙo ta ciki idan suna tsaye. Ɗan sassauta gilashi ba ya wadatarwa muddin akwai wuta a ciki. Tun daga wannan daren na koma robar ruwan zafi, domin da ita wutar tana can waje wajen mai shayi, ɗumin kawai ake shigowa da shi.

Wace roba za a saya

Ana samunta a manyan kemis da shagunan kayan asibiti. Kamar 'yar salka take, shafaffiya, da wuya da marfi mai murɗawa. Wadda aka fi samu mai cin lita 2 ce, ita ce kuma daidai. Akwai ta roba zalla mai laushi da wari, akwai ta leda mai kauri wadda ba ta da warin. Duk suna aiki, sai dai wanda roba ke sa wa ƙaiƙayi ya ɗauki ta biyun.

Kada a saya sai an juya ta an duba. Masu kyau suna ɗauke da lambar BS 1970, wato ƙa'idar ingancin da Birtaniya ta kafa wa irin wannan kaya. A jikin wuyan ko kusa da shi akwai wani ɗan zane kamar fure. Lambar da ke tsakiyar furen ita ce shekarar da aka ƙera ta, ganyayyaki 12 da ke kewaye su ne watanni, ɗigo-ɗigon da ke cikinsu kuma makonni ne. Ganyen ƙarshe da ke da ɗigo shi ne watan da ta fito daga masana'anta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwarmu, inda kaya ke daɗewa a shago yana shan zafin bazara. Masu ƙera ta suna ba da shawarar a sauya ta bayan shekara 2 zuwa 3, domin roba tana mutuwa ko ba a yi amfani da ita ba. A naɗe ta a hannu a ja kaɗan. Idan ƙananan tsagu suka bayyana, ko ta yi tauri, ko tana danƙo, a ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado, balle a abin da za a zuba wa ruwan zafi a rungume.

In da hali a sayi biyu. Roba biyu masu matsakaicin zafi sun fi ɗaya mai ƙuna amfani nesa ba kusa ba.

Kafin tafiya a gwada ta a gida da ruwan sanyi: a zuba, a rufe, a kifa ta, a matsa da hannu biyu a bisa busasshiyar ƙasa a ga ko za ta ɗiga. Na taɓa ƙin yin wannan gwajin da wata sabuwa, marfinta ya riƙa tsiyaya a hankali ban sani ba. Wajen ƙarfe 2 na dare na farka bargo ya jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa. Jiƙaƙƙen bargo a hunturu ya fi rashin bargo muni, a zaune na ƙarasa daren ina karkarwa.

Wanda bai samu robar ba yana iya amfani da gorar ƙarfe ta shan ruwa mai falle ɗaya da marfi mai kamawa sosai, a zura ta cikin safa mai kauri biyu, domin ƙarfe yana ƙuna nan take. Amma robar ruwan sha ta kanti ba ta yi, tana motsewa ta lanƙwashe idan ruwan ya yi zafi, marfin ya saki. Kwalba tana iya tsagewa. Jarkar da aka taɓa zuba wa fetur ko gas ko man inji kuwa kada ma a kusance ta. Filas ba ya ɗumama jiki, tunda aikinsa hana zafi fita ne, amma yana da nasa babban aikin da za mu zo kansa.

Abin da robar ke iyawa da wanda ba ta iyawa

Ruwa ya fi kusan komai da muke da shi riƙe zafi. Kilo ɗaya na ruwa yana riƙe zafi kamar ninki 9 na kilo ɗaya na ƙarfe, kamar ninki 5 na dutse. Shi ya sa ya fi gasasshen bulo da wasu ke naɗewa a tsumma. Duk da haka zafin da ke cikin roba ɗaya ba wani mai yawa ba ne. Idan aka lissafa, bai wuce abin da jikin babban mutum ke fitarwa cikin kamar rabin awa yana barci ba. Wato jikinka ne babban murhu. Aikin robar shi ne ta kori sanyin shimfiɗa kafin ka shiga, ta ɗumama ƙafafun da ke hana barci, sannan ta riƙa tallafa maka a hankali. Idan aka ajiye ta a fili kan kujera, kafin wani lokaci ta huce, motar kuma ba ta san an yi ba. Idan aka binne ta cikin bargo mai kauri, a abin da na gani tana kai awa 4 zuwa 6 da ɗuminta.

Saboda haka rabin aikin yana wajen shirya mota da shimfiɗa, tun kafin a je neman ruwa.

Wurin tsayawa da shimfiɗa

Tsaro ne farko: tasha, gareji, ko inda sauran direbobi ke kwana da masu gadi. Bayan wannan sai a duba iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka a nemi inda katanga ko gini ko wata babbar mota za ta tare wannan ɓangaren. A guji kwari da bakin rafi, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, gangarowa take yi ta kwanta a can da dare. A kuma lura da maƙwabci. Idan motar da ke gefe ta bar inji a kunne, ko akwai janareta kusa, a matsa, domin hayaƙinsu zai shigo ta inda aka bar wa iska.

Gilashi ne ya fi zubar da ɗumi. A yanka kwali daidai kowane gilashi a manna daga ciki, ko a yi amfani da abin tare rana na gilashin gaba, ko a rataya zani. Amma a bar gilashi ɗaya a sauke faɗin yatsa, a ɓangaren da iska ba ta bugowa. Mutane da yawa ba sa yarda da wannan, suna ganin asarar ɗumi ce. Numfashin mutum uku a rufaffiyar mota yana cika ta da laima, gilasai su yi gumi, rufi ya fara ɗiga, bargo ya yi danshi, kuma danshi shi ne abokin sanyi. Ɗan ɗumin da aka rasa ta wannan kafar bai kai wanda danshi zai sace ba.

Sai abin da ke ƙarƙashinka, wanda aka fi mantawa da shi. Bargon da ka kwanta a kai nauyinka ya danne shi, ba ya tare komai. Mai kwana a bayan a-kori-kura ko a ƙasan bas, kan ƙarfe, ƙarfen zai yi ta zuƙe ɗumin jikinsa har safe ko da bargo nawa ya lulluɓa. A shimfiɗa kwali falle biyu ko uku, a ɗora tabarma ko 'yar katifa, sannan bargo. Buhunan da ba komai a ciki ma suna yi. Kakanninmu da suka gina gadon ƙasa ana hura wuta a ƙarƙashinsa sun san daga ƙasa sanyi ke kama mai barci.

A cire kayan da aka yi lodi da su. Ko ba a ji ba, akwai gumi a jikinsu. A sa busassu, riga biyu ko uku marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri. Hular sanyi ko rawani, da busasshiyar safa wadda ba ta matse ƙafa. A ci abinci mai ɗumi, a kama ruwa kafin a kwanta.

Samun ruwan da haɗa shi

A hanyoyinmu ba a rasa mai shayi. Daga Mararrabar Jos har Tafa, duk inda manyan motoci ke kwana akwai tukunya a kan wuta har dare ya raba. Nakan je da butar ƙarfe da filas bayan na sha shayi in ce, "Malam, a taimaka min da ruwan zafi." Wanda na saba da shi yakan ce, "Alhaji, yau ma kwanan mota ne? Kawo." A ba shi wani abu ko bai nema ba, itace da gawayi da kuɗi yake saye.

Wanda zai bi hanyar da ba mai shayi, ya tafasa ruwansa a risho a waje, nesa da mota, nesa ƙwarai da tankar mai. Akwai kuma butar lantarki da ake jonawa a mota. Tana aiki amma tana da nawa, lita ɗaya kan ɗauki rabin awa ko fiye, kuma tana jan wuta sosai. A jona ta ana cikin tafiya, a juye a filas, kada a jona bayan an kashe inji a wayi gari batir ya mutu. A duba kuma ko ta batir mai ƙarfin volt 12 ce ko ta mai 24, domin ƙananan motoci da tireloli ba ɗaya ba ne.

Abu ɗaya da na ga wani ya yi niyya na hana shi: buɗe lagireto don ɗibar ruwan zafi. Ruwan lagireto a matse yake, zafinsa yana iya wuce na tafasa, idan aka buɗe marfin da zafi feshi yake yi a fuska da hannu. Sinadarin sanyaya inji da ake zubawa ciki kuma guba ne.

Yanzu ga inda aka fi kuskure. Ba a zuba tafasasshen ruwa kai tsaye a roba. Yana cinye ta daga ciki, yana raunana haɗinta, kuma idan ta fashe a jiki ƙunar ba ta da kyau. Hanya mai sauƙi ita ce rabi da rabi: awo ɗaya na tafasasshe, awo ɗaya na ruwan sanyi, a haɗa a buta. Wannan yana bayar da kimanin digiri 60, wanda ya isa. Roba mai lita 2 kashi biyu cikin uku ake cika ta, wato wajen lita 1.3. Ledar fiya wata rabin lita ce, don haka leda ɗaya da ɗan ƙari na sanyi, da kwatankwacinsa na tafasasshe, sun yi daidai. Idan yaro ko tsoho za a yi wa, a sa sanyi awo biyu, zafi awo ɗaya.

A yi zubin a waje, a tsaye, da haske. A riƙe robar ta wuya tana tsaye, nesa da jiki, a zuba a hankali don kada ruwan ya yi tsalle ya dawo. Mazurari yana taimakawa. Kada a riƙe ta tsakanin cinyoyi ana zubawa. Idan ta kai kashi biyu cikin uku, a kwantar da gindinta kan wani abu mai faɗi, bakin yana sama, a sauke ta a hankali har ruwan ya leƙo wuya. Wannan yana fitar da iskar da ke ciki. Iskar da aka bari tana kumbura da zafi ta matsa wa roba, kuma tana sa ta yi tulu-tulu ta ƙi kwanciya a jiki. Sai a murɗa marfin ya kama, ba da ƙarfin tsiya ba don kada zaren ya lalace. A goge ruwan da ya taru a bakin, a kifa ta a girgiza sau biyu. Ko ɗigo ɗaya aka gani, a sake.

Kafin a bar wajen mai shayi a cika filas da tafasasshe zalla, a rufe sosai, a naɗe shi a tsumma.

Naɗewa da ajiyewa a jiki

Robar ba ta taɓa fata tsirara. Wasu suna zuwa da rigarsu, in babu a naɗe ta da tawul ko tsohuwar rigar sanyi, a ɗaure yadda ba za ta zame ba cikin dare. Naɗin yana aiki biyu: yana hana ƙuna, yana kuma sa zafin ya riƙa fita kaɗan-kaɗan ya daɗe. A gwada a cikin damtse. Idan ba za a iya barin ta a nan minti ɗaya cikin daɗi ba, a ƙara naɗi.

Ina so a fahimci maganar ƙunar nan da kyau, domin ba irin wadda aka sani ba ce. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, wannan kowa zai ji ya janye. Amma abu mai digiri 44 ko 45, wanda hannu ke ji kamar ɗumi mai daɗi, shi ma yana ƙonawa idan ya zauna wuri ɗaya na kimanin awa 6. Mai barcin gajiya ba ya juyi, ba ya ji. Sai da safe a ga ja, zuwa yamma bororo ya tashi, kuma irin wannan ƙunar takan yi zurfi fiye da yadda ake gani a ido. Ina da tabonta a idon sawuna na hagu, daga daren da tawul ya zame. Ta ɗauki makonni kafin ta rufe.

Tsarin da nake bi ke nan. Minti 10 zuwa 15 kafin in kwanta nakan tura robar cikin shimfiɗa, daidai inda bayana zai sauka, in rufe bargo. Idan na shigo wurin ya yi ɗumi. Sai in rungume ta a kan cikina ko in sa ta tsakanin cinyoyi, a kan tufafi, na ɗan lokaci ina farke. Manyan hanyoyin jini suna bi ta nan, ɗumin yana saurin zagaya jiki. Da na ji barci ya fara ɗaukata, sai in tura ta can ƙasan bargo, kusa da ƙafafu amma ba a manne ba, marfin yana kallon waje. Masu ƙera ta cewa suke a fitar da ita daga shimfiɗa gaba ɗaya kafin barci, kuma wannan shi ne mafi aminci. Wanda sanyi ya sa dole ya bar ta ciki, to aƙalla ta kasance a naɗe sosai, nesa da fata. Idan biyu ce, ɗaya a ƙafa, ɗaya a gefen baya da tazarar tafin hannu.

Ba a kwanciya a kanta, ba a zama a kanta, ba a yin matashi da ita. A kujerar mota wannan ya fi sauƙin faruwa, domin wurin ƙunci ne, robar tana gangarawa cikin lungun kujera mutum ya danne ta bai sani ba. A kula kuma da ƙarfen bel da duk wani tsini. A toshe gefen bargo ta ƙarƙashin jiki da ƙafafu don kada iska ta shiga, amma a bar hanci a waje. Numfashi cikin bargo yana jiƙa shi.

Akwai waɗanda bai kamata su kwana da ita a jiki ba sam. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka fara mutuwa ba zai ji ƙuna ba, kuma ciwon ƙafa a wurinsa ba ya warkewa da wuri. Direbobi masu suga suna da yawa, ina roƙonsu su ɗumama shimfiɗa kawai su cire ta. Haka wanda ya sha maganin da ke sa barci mai nauyi, da mai shanyewar ɓarin jiki, da jariri da ƙaramin yaro. Ga yaro, a ɗumama wurin, a cire robar, a shafa da hannu a ji, sannan a kwantar da shi kusa da uwarsa. Mai amosanin jini kuwa sanyi yana tayar masa da ciwo, ɗumin yana yi masa amfani ƙwarai, sai dai da matsakaicin ruwa da naɗi mai kauri.

Sanyin asuba

Sanyi ba ya kai maƙura da tsakar dare, sai gab da fitowar rana, daidai lokacin da robar ta huce. A nan filas ke shigowa. Wajen ƙarfe 3 ko 4, idan sanyi ya tashe ka, ka fito da robar daga shimfiɗa, ka buɗe ƙofa, ka kunna tocila. Zubar da rabin ruwan da ya huce, ka cike gurbinsa daga filas. Ragowar mai ɗumi-ɗumin ita za ta sassauta zafin na filas, ba sai an nemi ruwan sanyi ba. Fitar da iska, rufe, kifa, kamar farko. Kada a yi wannan a kwance cikin duhu da magagin barci, ruwan filas yana nan da zafin da zai sale fata.

Nakan rage kaɗan a filas saboda alwalar asuba. Wanda ya taɓa sa hannu a ruwan buta da asuba a Bokkos ya san darajar wannan ragowar. Ruwan cikin robar ba na sha ba ne, yana ɗaukar warin roba da sinadaranta, amma yana wanke hannu da goge gilashi.

Idan aka ga wani a cikin motar karkarwarsa ta yi tsanani, ko ya daina karkarwa alhali jikinsa ƙanƙara, maganarsa tana sarƙewa, hankalinsa ba ya tare da shi, to sanyi ya shige shi fiye da abin da roba za ta gyara. A cire masa duk abin da ya jiƙe, a lulluɓe shi, a sa robar a naɗe a ƙirjinsa ko hammata, ban da hannu da ƙafa, kada a murza masa gaɓoɓi. In yana iya haɗiya a ba shi shayi mai ɗumi da sukari, a nemi asibiti. Wanda kuma ya farka da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, musamman in ba shi kaɗai ba ne, a buɗe ƙofofi kowa ya fita tukuna, sannan a nemi inda iskar ta fito. In ƙuna ce ta samu, a zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin na tsawon minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da man inji, kuma kada a fasa bororo.

Da gari ya waye a zazzage robar tas, a rataye ta a kife ba marfi har cikinta ya bushe, a ɗaure marfin a jikinta da zare don kada ya ɓata. A mota abin da ke kashe ta shi ne rana da mai. Kada a jefa ta gaban gilashi, kada a haɗa ta akwati ɗaya da sifana da giris da galan ɗin man inji, domin mai yana cin roba. A sa ta a leda ko jakar tufafi, a tura ƙarƙashin kujera. Idan hunturu ya wuce a kai ta gida a ajiye a wuri mai duhu da sanyi, kada ta yi bazara a mota. Watan Nuwamba na zuwa a ɗauko ta, a duba furen nan a ga shekararta, a sake gwada ta da ruwan sanyi kafin a sa ta a kayan tafiya.